Tambaya da Amsa: Fita Yawon Karkara da Dabbobin Gona

Wasiƙun wannan fitowa kusan duk kan abu ɗaya suka taru: sana'ar fitar da baƙi yawo a ƙafa cikin karkara, jagora na gaba, kowa riƙe da igiyar jaki ko ta akuya. Likitan dabbobi da mai horar da dabbobin kaya da jagoran yawon buɗe ido ne suka zauna tare suka amsa. Mun rage tsawon wasu tambayoyin.

Assalamu alaikum. Ina da jakuna biyu, da awaki goma sha huɗu, da tumaki da shanu kaɗan. Ina so in fara fitar da baƙi yawo. Da wace dabba zan fara? — Manomi

Wa alaikumus salam, Malam. Fara da jakunan, kuma ka fita da su biyun tare. Jaki yana shaƙuwa da abokin zamansa fiye da yadda mutane ke zato. Ka tafi da ɗaya ka bar ɗaya a turke, na gida zai yini yana kuka, na hanya kuma rabin hankalinsa na baya. Sharaɗi biyu ne: su zama manya, shekara huɗu zuwa sama in za su ɗauki kaya, kuma in maza ne su zama dandaƙaƙƙu. Jakin da ba a dandaƙe ba, ko ya fi kowa ladabi a gida, ran da ya sansano jaka a hanya ba baƙon da zai iya riƙe shi.

A cikin awakin, taure kake nema, wanda ya saba da hannu tun yana ƙarami. Bunsuru ga wari ga tunkuyi, akuya mai shayarwa kuma ba ta da natsuwa. Zaɓi uku ko huɗu, kada ka ce sai duk sha huɗun. Ka sani tun yanzu cewa akuya ba ta wuce ganye, don haka yawo da ita rabi tafiya ne rabi tsayawa. Tumaki ba su son igiya amma suna bin juna: in babbar tunkiya ta saba bin ka, sauran za su biyo ba tare da an riƙe ko ɗaya ba. Ka yi hattara da ragon da aka raina da hannu. Ya daina jin tsoron mutum, kuma shi ne ke tunkuyin yaro ta baya.

Shanu kuwa, a ra'ayinmu, a bar baƙi su kalle su ta bayan shinge. Saniya mai sabon maraƙi tana cikin dabbobin gona mafi haɗari, kuma wanda bai taɓa kiwo ba ba ya gane gargaɗinta.

Kafin dabba ta ga baƙo sai ta ci jarrabawa. Horo minti goma zuwa sha biyar a rana ya fi awa biyu sau ɗaya a mako. Da farko ta yarda a sa mata ragama a cire ba kokawa. Sannan a shafa ta ko'ina, har ciki da kunnuwa, a ɗaga ƙafafunta huɗu ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai abubuwan ba-zata: a buɗe lema a gabanta, a kaɗa leda, yaro ya ruga da ihu, babur ya wuce. Sai ka bi hanyar da ita kai kaɗai sau da yawa, sannan da mutanen gida suna yin kamar baƙi, suna kuskure da gangan. Ware wata biyu. Dabbar da har yanzu take harbi ko cizo bayan wannan, mayar da ita kiwo, ba ta dace da aikin ba.

Jakina yakan tsaya cik a tsakiyar hanya, baƙi su yi ta ja, ya ƙi motsi, in ji kunya. Taurin kai ne ko me? — Mai jakuna

Ba taurin kai ba ne, kuma jan nan shi ke ƙara ɓata lamarin. Doki in ya tsorata gudu yake yi, jaki kuwa tsayawa yake ya auna abin. Ana jan sa gaba yana ƙara kafe ƙafafu yana mayar da nauyinsa baya, kuma mutum huɗu ba za su rinjaye shi ba.

Abin yi shi ne a sassauta igiya, jagora ya dubi inda kunnuwansa suka nufa. Sau da yawa abin a fili yake: kududdufi, gadar katako mai ƙara, murfin ƙarfe, wani buhu da iska ke kaɗawa, ko inda ƙasa ta canza launi. A ba shi minti ɗaya ko biyu ya sunkuya ya sansana. In bai taka ba, a karkata kansa gefe har ƙafa ɗaya ta ɗaga, don da zarar ƙafa ɗaya ta motsa sauran kan biyo. Ko a wuce da ɗan'uwansa gaba, ko mutum ya tsaya ta wajen ƙugunsa daga gefe, da ɗan nisa inda harbi ba ya kaiwa, ya kora shi da murya. Da ya taka ko sau ɗaya ne, a saki igiya nan take. Sakin nan shi ne ladansa, da shi yake koyo.

Amma in jakin da ya saba wucewa ta wurin ne ya fara tsayawa, ka zargi ciwo. Jaki gwanin ɓoye ciwo ne. Ɗaga kofato ka duba tsakuwa ko ƙaya, ka taɓa ka ji ko akwai zafi. Kofato yana son gyara duk mako shida zuwa goma. Sauke kayan ka bi bayansa da tafin hannu: kumburi, wurin da gashi ya goge, ko inda yake zabura in an danna. Farin gashi a gadon baya ko a mazaunin majayi shaidar tsohon miki ne, alamar an daɗe ana ɗaura masa kaya ba daidai ba.

Tunda zancen ya zo kan kaya: ƙungiyar kula da jakuna ta Donkey Sanctuary da ke Ingila, wadda aka kafa a 1969, tana cewa jaki matsakaici mai nauyin kilo 160 kada ya ɗauki fiye da kilo 50. Wannan iyaka ce, har da nauyin akumari. Don yawon shaƙatawa mu kilo 30 zuwa 35 muke ba da shawara. A auna mangala biyun da sikeli, kada bambancinsu ya wuce kilo ɗaya, domin kayan da suka rinjaya gefe su ke goge fata. Akumari ya zauna a kan naman da ke gefe biyu na ƙashin baya, kada ya taɓa ƙashin. Majayi ya tsaya kamar faɗin tafin hannu bayan ƙafar gaba, ya matse har yatsu biyu kawai ke shiga, a sake duba shi bayan minti goma da tashi don yakan saki. In hanyar na da gangara, sai da madauri a ƙirji da wani a bayan cinyoyi, in ba haka ba kaya su zame kan wuya.

Abu ɗaya da ba a jira da shi: jakin da ya ƙi cin abinci, ya yi lamo, kai a ƙasa. Kitse yakan cika masa jini ya lalata hanta cikin kwanaki kaɗan, musamman in mai ƙiba ne. A kira likita a ranar.

Nisan hanya nawa ya dace, kuma mutum nawa zan ɗauka a fita ɗaya? — Jagora sabon shiga

Jaki shi kaɗai yana cin kilomita uku zuwa huɗu a awa. Da baƙi da hotuna da yara, lissafa kilomita biyu. Hanyar farko ta zama zagaye na kilomita uku, kamar awa ɗaya da rabi, mai inuwa a tsakiya inda za a huta, da wata gajeriyar hanyar komawa in wani ya gaza. Ka taka ta da ƙafarka a kowane yanayi na shekara kafin ka sa ta a talla, don hanyar da take lafiya lau da rani tana iya zama taɓo da damina. In ta ratsa gonar wani, nemi izini a rubuce.

Jagora ɗaya, baƙi shida zuwa takwas. In akwai yara, jagora biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Yaro ƙarami ba ya riƙe igiya shi kaɗai: a sa igiya biyu a ragama, tasa da ta babba.

Kafin a tashi a ba da minti goma ana nuna wa baƙi riƙo. Igiya mai tsawon mita biyu, hannu ɗaya kusa da haɓar dabba, ragowar a ninke a ɗaya hannun. A ninke muka ce, ba a naɗe ba. Igiyar da aka naɗa a hannu, dabba na zabura sai ta shaƙe yatsu ko ta ja mutum ƙasa, kuma wannan ne raunin da ya fi sauƙin kaucewa a duk sana'ar. Mai riƙo ya tsaya daidai kafaɗar dabba, a bar tazarar tsawon dabba guda tsakanin kowace da ta gabanta, kada kowa ya bi ta baya. Takalmi rufaffe dole ne. Wanda jaki ya taɓa taka wa yatsa ba ya neman ƙarin bayani.

Lokacin zafi a fita da sassafe ko da yamma lis. Dabbar da take haki baki buɗe, ko take tangaɗi, a kai ta inuwa, a sauke kaya, a jiƙa mata wuya da ƙafafu da ciki, a ba ta ruwa kaɗan-kaɗan, yawon ranar ya ƙare ke nan. Jaki yana da tsantseni, yakan ƙi ruwa mai datti ko da ƙishi, don haka a tafi da bokiti da jarka. Gashinsa kuma ba ya tare ruwan sama kamar na doki, saboda haka ranar ruwa da iska mai sanyi a ɗage fita. Fita biyu a rana ta ishi dabba, da hutun kwana ɗaya ko biyu a mako.

Ina so in kai yarana, ƙaramin shekararsa uku, ni kuma ina da juna biyu. Akwai abin tsoro? — Uwar yara

Akwai, Malama, kuma gara ki ji shi yanzu. Mu fara da ke. Mai ciki ba ta kusantar tumaki ko awaki masu haihuwa, ko jariransu, ko mabiyiya, ko shimfiɗar da suka haihu a kai, ko tufafin wanda ya karɓi haihuwar. Ƙwayoyin cutar da ke sa dabbobin nan ɓari, wasunsu suna sa mace ɓari. Zazzaɓin Q ma ta iska yake tafiya cikin ƙura: a ƙasar Holan tsakanin 2007 da 2010 ya kama mutum fiye da 4,000, kuma gonakin awakin madara ne tushensa. Ki tambayi masu gonar kai tsaye ko lokacin haihuwa ne. In eh ne, ki bar tafiyar. In yawo da jakuna ne kawai, nesa da garke, haɗarin ya ragu sosai, amma ki shawarci mai duba cikinki, kuma ki bar wani ya riƙe igiya.

Ga yara kuwa, abin da aka fi jin tsoro shi ne ƙwayar E. coli O157. Saniya ko tunkiya ko akuya tana ɗauke da ita a hanji tana cikin ƙoshin lafiya, ba alamar komai. Daga kashi take hawa gashi da shinge da igiya da takalmi, daga nan hannu, daga hannu baki, kuma kaɗan ta isa. Tana kawo gudawa mai jini, a wasu yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuma ta taɓa ƙoda. A 2009 wata gonar baƙi a yankin Sari na Ingila ta zama sanadin kamuwar mutum 93, yawancinsu yara.

Maganin a hannu yake, wato ruwa mai gudu da sabulu, a cuɗa na daƙiƙa ashirin, a goge da takarda ko tawul mai tsabta, bayan taɓa dabba da kafin cin komai da bayan cire takalmi. Man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya maye gurbin wannan. Ba ya aiki a hannu mai datti, kuma ba ya kashe ƙwayar Kiriptosforidiyam da maruƙa da 'yan tumaki ke yaɗawa. Ɗan shekara uku ke za ki wanke masa da kanki. Kada ya shiga da robar tsotso ko abin wasa ko abinci a hannu, kada ya sumbaci dabba. A gida a wanke takalma da tayoyin keken yaro. In gudawa ta zo cikin mako biyu, musamman da jini ko fitsari ya ragu, a tafi asibiti a faɗa wa likita an je gona, kada a fara ba shi maganin tsayar da gudawa.

Masu gona kuma ku ji: dabba mai gudawa, ko ɓawon ƙuraje a leɓe, ko makero a fata, ba ta fita. Biyun ƙarshe suna kama hannun mutum. Wurin wanke hannu a kafa shi a bakin fita, inda ba mai wucewa sai ta gabansa, da famfo ɗaya daidai tsayin yaro.

Baƙi suna son ba dabbobi abinci. In bari? — Mai awaki

A hanya, a'a. Dabbar da ta saba samu daga hannu takan koma cizon aljihu da ture yara. In ya zama dole, a ƙarshen yawo, a cikin akurki ko kwano, abin da kai ka auna. Akuyar da baƙi goma suka ba hatsi kowa tafi guda, cikinta zai yi tsami, ta kumbura, har ta iya mutuwa. Ka kuma san tsirran hanyarka: zurma da zaƙami da gwaska da shuke-shuken ado irin su lantana da oliyanda duk guba ne, a cire su ko a kauce. Leda ma kisa take yi, sai dai a hankali.

Ana ta cewa wannan yawo yana kare muhalli. Ni ban gani ba. Ba salon talla ba ne kawai? — Mai shakka

Shakkarka tana da tushe. Tafiya a ƙafa da jaki ta fi zagaya daji da mota ko babur sauƙi a kan ƙasa, ba hayaƙi, ba ƙara, ba sai an fasa titi ba. Amma mafi yawan hayaƙin irin wannan yawo a hanyar zuwa ake fitar da shi. Wanda ya hau jirgin sama don ya yi awa biyu da akuya bai kare komai ba. Gonar da baƙinta na kusa ne, ko take ɗauko su a mota ɗaya daga tasha, ita ce ke da bakin magana.

Ɓarnar da yawon kansa ke yi ba ta da wuyar gani. Kofato a jiƙaƙƙiyar ƙasa yana daddaƙe ta, ciyawa ta mutu, ruwan sama ya bi sawun ya haƙa kwari. Mutane su kauce wa taɓon, hanya mai faɗin mita ɗaya ta zama uku. Don haka a samu hanya biyu ko uku ana hutar da su, a rufe bayan ruwa mai yawa, a tsallaka rafi a wuri ɗaya mai tsakuwa. Awaki in aka ɗaure su a bishiya ɗaya kullum sai sun ɓare ta, ɓawon da ya zagaye kuwa bishiya ta mutu. Kashin dabba yana ɗauke da irin ciyawa daga gona zuwa daji. Maganin tsutsa irin su ibamektin yana fita ta kashi yana kashe buzuzu, wanda shi ke binne kashin, saboda haka dabbar da aka yi wa magani ta zauna gida na wasu makonni. Akwai kuma namun daji: a yammacin Amurka an hana shiga da awakin kaya wasu tsaunuka saboda tumakin dawa na wurin suna ɗaukar ciwon huhu daga tumaki da awakin gida.

Cuta kuma ba ta gefe ɗaya take tafiya ba, takalmin baƙo yana shigo da ita. A 2001 ciwon baki da kofato ya sa aka kashe dabbobi fiye da miliyan 6 a Birtaniya, aka rufe hanyoyin ƙafa na karkara, masu sana'ar baƙi suka tafka asara tare da makiyaya. A tambayi baƙo ko ya shiga wani garke kwanan nan, a kankare taɓon takalmi kafin a tsoma shi a maganin kashe ƙwayoyin cuta, don maganin ba ya ratsa taɓo.

Ma'aunin da muka fi yarda da shi na Italiya ne. Dokarsu ta yawon gona ta 1985, da wadda ta maye gurbinta a 2006, sun ɗora sana'ar a kan noma: baƙi ƙari ne, gona ta ci gaba da zama gona. In kuɗin baƙi ya sa manomi ya riƙe jakinsa, ya gyara shinge, ya biya makiyayin da ya san sunan kowace ciyawa ya zama jagora, kalmar kare muhalli ta dace. In an tara dabbobin da ba sa aikin komai sai hoto, ana fita da su sau biyar a rana, sunan kawai aka ara.

Sai da lasisi? — Mai shirin farawa

Ya danganta da ƙasa, don haka fara da ƙaramar hukumarku da ofishin likitan dabbobi. A Ingila, misali, dokar 2018 ta wajabta lasisi ga mai ba da hayar dawaki ko jakuna don hawa, da mai riƙe dabbobi don nuna wa jama'a. Ko ina kake, kada ka fita ba inshorar rauni ga baƙi, kuma ka tabbatar takardar ta ambaci jan dabba a hanya, don inshorar gona ta yau da kullum sau da yawa ba ta haɗa da shi. Riƙe littafi: ranar rigakafi, ranar gyaran kofato, wace dabba ta fita, awa nawa, da duk wani tsautsayi komai ƙanƙantarsa.

Na ga hotunan mutane suna yawo da alfaka. Ta fi jaki? — Mai sha'awa

Ta fi shi jan baƙi, ba ta fi shi aiki ba. Alfaka da lama dangin raƙumi ne daga tsaunukan Andis na Kudancin Amurka. Lama tana ɗaukar kaya kamar kilo 25 zuwa 30, alfaka ba ta ɗaukar komai, kuma ba a hawa ko ɗaya. Tafin ƙafarsu mai taushi ne, bai cika ɓata hanya ba. Sai dai ba su jure zafi mai gumi, alfaka sai an yi mata aski duk shekara, ba a riƙe ɗaya ita kaɗai sai uku zuwa sama, kuma yawancinsu ba su son a taɓa musu kai ko a rungume su, abin da baƙo ya fi so ke nan. Namijin da aka shayar da kwalba aka shagwaɓa yakan girma yana kai wa mutane hari. A kula da ragama sosai: ƙashin hancinsu gajere ne, kuma ta hanci suke numfashi. Madaurin ya zauna can sama kusa da ido. In ya zamo ƙasa kan guringuntsi sai ya toshe numfashi, dabbar ta firgita ta yi ta fizge-fizge, mai riƙo kuma ya ƙara ja.